Wuƙar Yaya Garba da Bangayen Firag

Zuwa ga yayana Garba, ɗan Malam Tanko mahauci na unguwar Hausawa, Garwa, a duk inda yake.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta addini da ta jini, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin lafiya da rufin asiri. Ƙanwarka ce, Dije. Adireshin da ka bar mana ya daɗe da daina amsawa, shi ya sa na ba da ita a buga inda kowa zai gani. Masu karantawa su yi mini haƙuri, maganar gida ce.

Ina nan a gidan Baba. Zafin Garwa yana nan yadda ka san shi. Kogin Binuwai ne ya rame, jiragen ruwan da kake gudu tasha ka kalla lokacin damina sun daina zuwa tun tuni.

Farkon abin da na riƙe game da kai, gawayi ne. Baba ya kai ka mayanka don ka koyi fiɗa, kai kuwa ka dawo da hoton bijimi a bayan takardar siminti da ake naɗe nama. Har tozon da tabon lalas na cinyarsa ka fitar, sai da Bafulatanin da ya sayar da shi ya gane abinsa. Baba bai doke ka ba. Ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce, "Wannan hannun ba na wuƙa ba ne." Ya bar ka ka ci gaba da lekol, makarantar boko, ƙaninmu Bala ya gaje shi a rumfa.

Wajen lokacin da aka ba mu 'yanci gwamnati ta tura ka karatu Faransa. Ba a jima ba labari ya zo cewa ka tsallaka wata ƙasa ta 'yan gurguzu, Cakoslobakiya, kana koyon gini da zane a babban birninsu, Firag. Inna ta kasa faɗin sunan ƙasar, ta yanke shi ta ce Cako. A wancan zamanin, kai ma ka sani, duk ɗalibin da ya nufi can ɗan tawaye ake ɗaukar sa. Jandarmomi suka zo rumfar Baba, suka tsaya a gaban nama suna tambaya da Fulatanci, wa ya tura ka, wa kake rubuto wa. Bayan tafiyarsu bencin hirar Baba ya yi fili. Masu saye suna zuwa, amma ba mai zama.

Katin farko da ka aiko, hoton gada ne a cikin ƙanƙara, gefe da gefe mutane baƙaƙe sun jeru a tsaye. Inna ta matso da shi kusa da ido ta ce, "Su wane ne waɗannan a cikin sanyi, ba mai shigar da su gida?" Na karanta mata abin da ka rubuta a baya, na ce na dutse ne. Ta ce ko na dutse ne, tsayuwar ta yi yawa. Ta sa katin a ƙasan kwallarta, ranar ba ta ci tuwo ba.

Shekarun da ka yi a can, ni ma na yi tawa tafiyar. Na yi aure, mijina falken shanu ne, motarsu ta kife a hanyar Tibati, na gama takaba na dawo gida ba ɗa ba jika. A haka ka same ni. Ka sauka da akwati ɗaya, rabinsa littattafai, ka rame, Hausarka tana tuntuɓe. 'Yan unguwa suka zo sannu da zuwa a tsaye, suka fita da sauri.

Mu biyu ne marasa wurin zuwa a gidan nan, shi ya haɗa mu. Bayan azahar, idan gari ya yi tsit don rana, sai ka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ka buɗe babban littafin nan mai bangon toka. Rubutun ciki ban iya shi ba har yau, amma duk abin da ka faɗa a kan hotunan yana kaina.

Ka ce wani sarkinsu na dā ne ya gina gadar, ya ɗaga babbar majami'a a kan tudu, ya kuma gina fada mai ganuwa a bayan gari inda yake ajiye kambinsa. A can akwai wani ɗakin ibada da aka liƙa wa duwatsu masu sheƙi da zinariya, aka jera fuskokin waliyyansu a kan alluna har sama. Ka nuna mini su: manyan kumatu, manyan hanci, hannuwa masu kauri. Na ce ai waɗannan dillalan shanu ne na kara. Ka yi dariya har ka tuntsire, dariyarka ta farko ke nan tun dawowarka.

Ka koya mini yadda ake gane su, tun da yawancin mutanen lokacin ba su karatu. Kowane waliyyi da abin da yake riƙe da shi: wannan mabuɗi, wancan takobi, wata 'yar hasumiya a tafin hannu, wata ɗan rago. Har gidajen birnin ma, ka ce, kafin a zo da lamba da alama ake sanin su, gidan mai rana biyu, gidan mai goge uku, gidan mai farar agwagwa. Na ce to ai kamar mu ne, gidan mai kuka, gidan mai rijiya.

Sannan ka ba ni labarin mai wa'azin da aka ƙona saboda ya soki manyan coci, yadda mabiyansa suka tashi suka farfasa gumaka, aka shafe hotunan bango da farar ƙasa. Zamani ya juya, waɗanda suka ci yaƙi daga baya suka dawo da hotuna fiye da na dā, suka zana rufin majami'u kamar sama ta buɗe, su ne ma suka jera mutanen dutsen nan a kan gada. Ka ce bangon ƙasar nan kamar albasa yake, kowane mai mulki ya zo sai ya shafa nasa a kan na wani.

Baba yana jin mu daga inda yake wasa wuƙaƙensa, yana yi kamar ba ya ji. Ran nan dai ya tambaye ka, shin aikin naka mene ne a taƙaice. Ka ce kana hawa tsani a tsofaffin majami'u, ka sa 'yar wuƙa irin ta likita kana ɗaye farar ƙasa a hankali, ba tare da ka ji wa hoton da ke ƙasa rauni ba. Wani lokaci wata guda kana kan faɗin tafin hannu, sai ido ya leƙo. Baba ya ajiye dutsen washi ya ce, "Ashe dai fiɗar ka koma." Ya yi murmushi. Kai kuwa ka sunkuyar da kai, na ga kana share ido da hannun riga.

Inna ta ce kada littafin ya shiga ɗakin da take salla, ka bi umarninta. Amma wata rana ta zo wucewa da ƙwaryar gero, littafin a buɗe a shafin da aka sassaƙa Nana Maryam zaune, ɗanta babba kwance a cinyarta ba rai, yadda Kiristoci suke ba da labarin. Ka yi sauri za ka rufe. Ta ce bari. Ta tsaya tana duban fuskar matar, ba ta taɓa takardar ba. Can ta ce, "Wanda ya yi wannan ya taɓa ganin uwa." Ta wuce madafa.

Aiki ne ya gagara. Ka je babban birni, Yawunde, da difilom ɗinka, aka ce ba a san makarantar ba. Ga Garwa ana ta gina ta a lokacin, garin shugaban ƙasa ne, kullum sabon bene yana tashi, kai kuwa kana zagaya ofisoshi da zanen gine-ginenka a naɗe a hammata, ana ce maka ka dawo. 'Yan sandan kwamisariya kaɗai ke neman ka, su zaunar da kai tun safe, su yi maka tambayoyin da suka yi maka a watan baya. Ƙarshe allunan shaguna ka koma rubutawa, na tela da na mai gyaran rediyo. Abokanka na lise, da kuka yi sakandare tare, suna hango ka sai su tuna suna da saƙo a ɗaya gefen titi. Ka taɓa ce mini, "A can yara na bin ni su taɓa fatata. A nan manya na tsoron ba ni hannu."

A cikin wannan zaman ne ka yi wa zaurenmu ado. Ka shafa baƙin yaɓe mai gawayi, ka rufe shi da farin, kafin ya bushe ka kankare saman, baƙin ya fito a zane. Ka ce magina daga Italiya ne suka kai wannan salo Firag, akwai fadoji da aka lulluɓe da shi tun daga ƙasa har sama. Saboda Baba ba ka sa mai rai ba. Ka jera nasu zanen mai kama da ambulan a ƙasa, ka ɗora dagi namu a kan ƙofa. Har daga Maruwa wani Alhaji ya zo kallo, ya ce zai kira ka ka yi masa. Da ya ji inda ka yi karatu, bai kira ba.

Daga nan ka yanke shawarar komawa. Ana saura kwana kaɗan ka durƙusa a gaban Inna, ina tsakar gida ina jin ku. Ka ce kana da mata a can, 'yar ƙasar, kuna da 'ya mace, an haife ta shekarar da tankokin yaƙi suka shiga birnin. Ka ce sunanta Eba, a bakinsu Hauwa ke nan, sunan Inna ka sa mata. Inna ta dube ka. Sai ta ce, "An yanka mata rago?" Ka ce a'a.

Ban san lokacin da ta gaya wa Baba ba. Washegari da hantsi ya shigo da farin rago yana ja, ya kayar da shi a tsakar gida, ya ambaci sunan Allah, ya ambaci Hauwa'u 'yar Garba, ya yanka da hannunsa. Bai yi maka faɗa ba, bai yi maka tambaya ko ɗaya ba. Aka raba naman gida-gida a unguwa, kowa yana tambayar wa ya haihu.

Ranar tafiya motar shanu ka bi ta wajen Yola ka tsallaka iyaka, don hukuma ba za ta bar ka ka hau jirgi a nan ba. Inna ta cusa maka kilishi a aljihu. Baba ya raka ka bakin zaure ya ce, "Ka riƙe salla." Ni ka bar mini littafin, ka ce ya yi nauyi. Na san ba nauyi ba ne.

Katunanka sun ci gaba da zuwa na wasu shekaru, kowanne da hoton bangon da kake aiki a kai a lokacin. Sai suka yi wuya, sai suka tsaya. Mun rubuta, mun sa an rubuta da Faransanci, shiru. Da Baba ya rasu mun aika, shiru.

Inna kuwa duk Sallah idan tana yi wa jikoki ɗinki sai ta yanka na takwararta, tana ƙiyasta tsawonta da na 'yar maƙwabta da ta ce sa'arta ce. Ta ninke ta sa a adaka. Wata shekara ta sayo turmin atamfa cikakke, ta ce yanzu ai ta zama budurwa, ita za ta zaɓi ɗinkinta. A ciwonta na ƙarshe ba ta kira sunanka da yawa ba, ina jin ta gaji da kira. Ta dai ce kada a raba kayan adakar nan. Ba a raba ba.

Da aka zo faɗaɗa titi, fuskar zauren ta shiga cikin abin da aka rushe. Ina tsaye aka ture ta. Bala ma ya rasu. Littafin gara ta ci gefensa, amma fuskokin suna nan. Wani lokaci bayan azahar nakan buɗe shi ni kaɗai, in ce wannan mai mabuɗi ne, wannan mai hasumiya ce. Duk faɗin Garwa ba ni da wanda zan gaya wa. Na san tarihin bangayen garin da ban taɓa takawa ba, ban san ko ɗan'uwana yana numfashi a cikinsa ba.

Yaya, ga abin da ya sa na rubuta. 'Ya'yan Bala suna so a raba gidan nan, kuma ban ga laifinsu ba, sun yi iyali, ɗakuna sun yi musu kaɗan. Mun je gaban alƙali. Ya ce mutumin da ya ɓace haka, idan sa'o'insa duk sun ƙare, shari'a na iya hukunta cewa ya mutu. Ya dube ni ya ce ni kaɗai na rage a cikin waɗanda suka san ka, in faɗi abin da na sani. Na miƙe tsaye. Na ce masa, "Allah ya gafarta Malam, ban ga gawa ba." Ya tausaya mini, ya ɗaga zaman zuwa bayan damina.

Ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ba rabon gida nake roƙon ka zo ka karɓa ba. Kalma ɗaya nake nema, daga bakinka ko daga bakin wanda ya san makwancinka, don kada a sa ni in kashe ka da harshena.

Kullum bayan salla nakan rasa wace addu'a ce taka, sai in yi duka biyun. Idan kana raye, Allah ya ba ka lafiya, ya sa akwai mai miƙa maka ruwa idan ka nema, ya buɗe maka hanyar gida. Idan ka riga mu, Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka ko a wace ƙasa yake, ya sa an sami wanda ya fuskantar da kai gabas. Amin.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Dije
Unguwar Hausawa, Garwa