Albishir ɗin da na yi wa Yaya Binta

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya ƙarfin jiki, ya su Kawu da yara? Mu nan Barking, ƙasar Turawa, lafiya, sai dai zuciya.

Ran Talata takarda ta zo wa Yaya Binta daga hukumar rajistar masu tsara wa majinyata abinci. Ni da ban iya Turanci ba, ina ganin hatimi na ɓoye ta a bayana, na ce, "Likitar tuwo, albishirinki!" Ta ce, "Goro, ja'ira!" Har guɗa na rangaɗa. Da ta karanta, ashe cewa suka yi ba su amince da makarantarta ba, karatun shekara uku ya tashi a banza. Ko faɗa ba ta yi mini ba, ɗaki kawai ta shige.

Ki sa ta a addu'a, Gwaggo. Ki gai da Baba, amma kada ya ji tukuna.

'Yarki,
Ladidi