Bargo a Kan Ƙyauren Taga

Samnu, Lahadi

Zuwa ga Yaya Ramlatou,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Wayata ta faɗa ruwan gona, shi ya sa na ba Seyni direban tumatir wannan takarda.

Yaya, raina a ɓace yake. Ranar Juma'a da na zo gida unguwar Hajara a Sabha, na tarar da ƙyauren tagar ɗakin baya, wanda na yi da hannuna, ya lalace. Katakon ya kumbura, fenti yana ɓarewa, pata ta sama, ƙarfen da ke riƙe ƙyauren, ta saki, sakata ba ta shiga. A Sabha da ba a ruwan sama, me zai kumbura katako? Kuma pata ba ta saki sai an ɗora mata nauyi. Na tambayi matata Mansoura, ta ce haka ta gani, ta kau da kai. Tagar nan lungu take kallo. Ba na son faɗin abin da nake tunani game da matata, amma kin gane. Don Allah ki sa min ido, kada ta sani.

Ƙaninki, Nazirou

Hajara, Laraba

Nazirou,

Muna lafiya, ya aikin gona? Kai dai tun kana ƙarami da baƙin zato. Na je gidanka da azahar, an ɗauke wuta, gari kamar tanda. Na ga jiƙaƙƙen bargo rataye a kan ƙyaurenka yana ɗiga, irin dabarar da muke yi a Damagaram don ɗaki ya yi sanyi. To ga kwartonka nan! Ruwa ya kumbura katako, nauyin bargo ya ja pata. Da ka ɗaura mata igiya gaban taga, ka shafa wa katakon mai, da ba a kai nan ba.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, ni ma hankalina bai kwanta ba. Daga bakin ƙofa ta tsayar da ni, ta ce ɗakin a hargitse yake. Na ga kwano biyu a tsakar gida, kuma na ji tari daga ciki. Tarin ba na mace ba ne. Gobe zan koma, ko tana so ko ba ta so sai na shiga.

Allah ya rufa asiri.
Yayarka, Ramlatou

Hajara, Alhamis

Zuwa ga maigida,

Bayan gaisuwa, Yaya ta ture ni ta shiga ɗaki yau, ta kuma faɗa mini wanda ya aiko ta.

Namijin da ke cikin ɗakin nan ƙaninka ne, Aboubacar, wanda ka rantse ba zai sake taka gidanka ba tunda ya ƙi jin maganarka ya kama hanyar teku. An dawo da shi ba takarda, ba takalmi, zazzaɓi na cin sa. Ya roƙe ni kada ka gan shi a haka. Ranar Juma'ar da ka zo, gidan maƙwabta na kai shi. Don shi nake jiƙa bargon, kuma gobe ma zan jiƙa.

Na ɓata maka ƙyaure, ka yi haƙuri. Amma Nazirou, shekara nawa muna tare, ka dubi pata ka yanke mini hukunci? Da ka zage ni a fuska da ya fi mini sauƙi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Idan ya samu ƙarfi zan tafi wurin gwaggona a Ghuddwa.

Ka huta lafiya.
Mansoura

Hajara, Litinin

Nazirou,

Gaisuwa. Aboubacar yana wurina, ya fara cin tuwo, yana tambayarka. Mansoura ta tafi jiya, ta bar maka makulli. Na ba ta haƙuri har na yi kuka, don ni ma da hannuna a ciki. Na ce yaushe za ta dawo, ta ce sai ranar da ka je da ƙafarka ka faɗa wa gwaggonta, a gabanta, abin da ka zarge ta da shi.

Seyni yana wucewa ta Ghuddwa ranar Laraba.

Yayarka, Ramlatou