Abin da Balu Ya Kira Ni

Lahadi, 20 ga Fabrairu, 2011, Saint-Fons, gefen Lyon

Wata biyu ke nan ina gidan ɗiyata Rékia. Garin nan warin magani yake yi, hayaƙin kamfanoni har cikin tuwo. Ta ce zan saba. Shekara arba'in a Faransa ban saba da komai ba, sai a nan?

Rediyo ya ce jiya aka fara gasar duniya ta kurket. Da a Paris nake, da yanzu ina shagon shayin Kandiya a La Chapelle, kujerar bakin taga, Armu yana cika mini kunne. Ba kewa ba ce. Rediyo ne ya tuna mini.

Talata, 22 ga Fabrairu

Rékia ta sake tambaya me ya haɗa ni da Armu. Na ce ba ruwanta. Amma bari in rubuta a nan, don kada wata rana a ce ni ne mai laifi.

Arumugam sunansa, mutumin Pondichéry ta ƙasar Indiya. Shekara ashirin da biyu muna sauke kwalayen lemu da ayaba tare a kasuwar Rungis. Da muka aje aiki sai muka koma zaman Lahadi a wurin Kandiya. Shi Kandiya mutumin Siri Lanka ne, amma harshensu ɗaya, Tamil. Da ni Faransanci suke yi, irin namu na 'yan dako.

Lahadin bayan babbar Sallah na sa shaddata fara mai aiki, wadda aka ɗinka mini a Damagaram, na kai musu soyayyen nama kamar kowace shekara. Na tarar da baƙo, Balu, mijin ɗiyar Armu, satinsa biyu da zuwa daga Indiya. Mutum mai gemu, ya kai talatin da biyar, ba yaro ba balle a ce ƙuruciya. Ina shiga ya taso, ya duƙa, ya kai hannu gindin rigata kamar mai duba zane a kasuwa, ya ɗago ya ce mini: Mama.

Mama. Ni Muntaka, da furfurata.

Na ja da baya, na ture kofin shayi. Shagon gaba ɗaya ya kwashe da dariya. Armu har da dafe ciki. Wato rigata zanen mata ce, ni kuma uwarsu. Na aje naman a kan tebur na fita. Wanda ya san ka fiye da shekara ashirin da biyu ba sai ka gaya masa inda ya taka ka ba.

Da Rékia ta ce in dawo wurinta saboda ƙafata, ban yi gardama ba. Ita kanta ta yi mamaki.

Juma'a, 4 ga Maris

Armu ya kira sau biyu a watan jiya. Yau ma lambarsa. Na bar wayar ta gaji don kanta.

Lahadi, 6 ga Maris

Ruwa tun safe.

Kurket ɗin nan wasan banza ne ma, in an bi ta gaskiya. Mutum ya tsaya da muciya a hannu yana tsaron sanduna uku, wani ya sheƙo da gudu ya jefe shi, sauran suna tsaye a fili kamar masu jiran mota. Na sha gaya wa Armu: kokowarmu, kafin ka kurɓi shayi an kā da mutum an ba gwani takobi. Naku kwana biyar, har da tashi cin abinci, a ƙarshe a ce ba wanda ya ci.

Sai ya ce, Shef, ai shi ya sa ya yi kama da aure.

Kandiya ya ce, a'a, a aure ana sanin wanda ya faɗi.

Shef Armu yake ce mini tun Rungis, alhali ban taɓa shugabantar ko amalanke ba.

In ya fara labarin gida ba ya tsayawa. Wai suna yara da reshen kwakwa suke sassaƙa muciyar, su yi wasa a bakin teku, wanda ya buga ƙwallo cikin ruwa shi zai shiga ya ɗauko. Wai unguwarsu duka rediyo ɗaya ne, na wani tela, ranar babban wasa ba mai karɓar ɗinki. Uwarsa tana zuba masa shinkafa a ganyen ayaba, ta tsaya a kansa sai ya cinye. Kullum bana zai koma. Tun ina da haƙora talatin yake bana.

Ni ma nakan ba su na Damagaram, Birni da kasuwar Dole. Suna saurare, ban ce ba sa saurare ba.

Lahadi, 13 ga Maris

Lambar Kandiya ce, shi ya sa na ɗauka.

Ko gaisuwar kirki bai yi ba. Ya ce Armu ya faɗi a banɗaki ranar Talata, jini ya toshe a kai, ɓarin dama ya mutu. Yana gidan likita. Ya ce, Muntaka, ban san abin da aka yi maka ba, ban kuma tambaye ka ba. Na dai gaya maka.

Na ce Allah ya ba shi lafiya. Ya jira saura. Babu saura.

Litinin, 14 ga Maris

Ranar Juma'ar da Armu ya kira, kwana huɗu ke nan kafin ya faɗi. Na ƙirga. Ba wani abu.

Alhamis, 24 ga Maris

Rékia ta yi magana da matar Armu, Kamala, a bayan idona. An sallamo shi. Likita ya ce abin da zai dawo kaɗan ne. Za su mai da shi Pondichéry ranar tara ga watan gobe, can akwai dangi masu jinya, nan kuwa hawa huɗu ne babu asansar, injin hawa bene.

Ta ce, Baba, awa biyu ne a jirgin ƙasa.

Na ce na san nisan Paris tun ba a haife ta ba.

Ta ce, in ya tafi ba za ka ƙara ganinsa ba, ka sani ko?

Na ce shi ya san inda nake lokacin da yake da ƙafa. Ta dube ni irin kallon uwarta, Allah ya jiƙanta, ta kwashe kwanuka. Ba ta ce mini sai da safe ba.

To ni ne zan je? Ni aka yi wa dariya.

Laraba, 30 ga Maris

Indiya ta kai wasan ƙarshe, in ji rediyo. Ranar Asabar, da Siri Lanka. Shekara ashirin da takwas Armu yake jiran wannan. Ya sha ce mini ranar da suka ɗauki kofi na farko yana cikin ɗakin sanyi a Rungis yana jera ayaba, sai washegari ya ji.

Alhamis, 31 ga Maris

Na ce wa Rékia ta yanko tikiti. Akwai takardar asibitina da na bari wurin maƙwabci a Belleville, tsohuwar unguwata a Paris, dole in karɓo. In lokaci ya ragu, na leƙa.

Ta yanko.

Lahadi, 3 ga Afrilu

Na dawo. Zan rubuta yadda ya kasance, ko da hannun yana ciwo.

Ban je Belleville ba. Daga tasha na wuce gidansu. Hawa huɗun nan sai da na huta sau uku. Kamala ta buɗe, ta ce Monsieur Muntaka, ta rufe baki da gefen mayafinta, ta kauce mini.

Sun kawo gadonsa falo gaban tele. Kandiya yana nan, ya rufe shago. Balu yana nan. Ban kalle shi ba.

Armu ya zama rabin mutum. Bakin ya karkace, hannun dama a kan cinya kamar ba nasa ba. Ya gan ni. Ya gane ni, wannan na tabbata, don idon hagu ya cika. Ya yi magana mai tsawo. Ban ji ko kalma ɗaya ba.

Na ce, yi Faransanci mana, ɗan Indiya.

Kandiya ya ce a hankali, babu. Ta tafi. Tun da ya farka Tamil kaɗai ya rage masa, shi ma rabi-rabi. Likita ya ce yakan faru, harshen da aka koya da girma shi ke fara gudu. In ka yi masa Faransanci yana jin ƙara ne kawai.

Na zauna. Me zan yi. Aka ba ni shayi, muka kalli wasa. Na tambayi Kandiya ko yau ƙasarsa yake goya wa baya, ya ce shi ba shi da ƙasa a filin nan, dangin da suka rage masa can garinsu Jaffna suna cikin rami. Ban ƙara ba.

Can wajen la'asar Armu ya zame daga matashi, yana tari. Balu ya tashi da sauri, ya sa hannu a ƙarƙashin hammatarsa ya ɗaga shi, yana shafa masa baya yana cewa, Mama, Mama. Ya goge masa baki. Ya sake cewa Mama.

Na aje kofin.

Na ja Kandiya zuwa matakala. Na ce me yaron nan yake kiran surukinsa? Ya ce mama. Na ce me ke nan? Ya ce kawu. Ƙanin uwa, ko uban matarka, ko duk dattijon da ka ɗauka kamar su. Ba kowa ake ce wa ba.

Na ce, duƙawar fa, da taɓa riga?

Ya ce wace riga? Ƙafarka ya nema, rigar ce ta rufe ta. Haka ake gaida babba. Armu ne ya ce masa, in abokina ya shigo ka gaishe shi yadda za ka gaishe ni. Dariyar kuwa, tsallen da ka yi ne kamar ka ga maciji.

Har a silima ta Damagaram na sha ganin suna yin haka a finafinansu, muna samari. Na sani. Ranar dai ban tuna ba.

Na gaya masa abin da mama take nufi a wurinmu. Na ɗauka zai yi dariya. Da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya jingina da bango ya ce, saboda wannan? Wata huɗu?

Sannan ya gaya mini abin da ban tambaya ba. Armu ya je masaukina a Belleville sau biyu, aka ce na tashi. Ya rasa dalili, sai ya yanke wa kansa cewa mutanen masallaci ne suka ce in rabu da mai bautar gumaka, ni kuma na ji. Har ya sa Kandiya ya sauke hoton allansu daga bangon shago ya mai da shi bayan kanta, ko zan dawo. Wai Armu ya ce, in addininsa ne ya hana shi, ba zan matsa masa ba.

Na ce ka shiga ka gaya masa ba haka ba ne.

Ya shiga ya gaya masa. Ya daɗe yana magana. Armu yana kallon bakinsa, yana kallon tele. Ya ɗaga kai, amma haka yake ɗaga wa kowa, in ji Kamala, ko ruwa ka tambaye shi. Magana mai tsawo ba ta shiga. Gajera, in an maimaita, wani lokaci.

Indiya ta ci. Wani ya ɗaga ƙwallon har cikin 'yan kallo, aka ce shi ke nan. Balu yana kuka, ƙasa a titi ana ta hon. Armu ya riƙe mini yatsu biyu da hannun hagu, da ƙarfi, yana faɗin wani abu yana maimaitawa. Na tambayi Kandiya. Ya ce sunan telan unguwarsu yake kira.

Ban sani ba ko ni yake riƙe ko telan.

Da zan fita Balu ya rako ni har ƙasa, ya riƙe mini sanda a matakala. Bai kira ni komai ba. An gaya masa ke nan.

Asabar, 9 ga Afrilu

Jirginsu ƙarfe goma sha ɗaya. Ban ci abincin rana ba, cikina ne.

Litinin, 11 ga Afrilu

Ai su ma da laifinsu. Mutum ya fita a fusace, ba mai bin sa a ce tsaya. Kuma wane irin harshe ne zai ɗauki sunan uwa ya ba namiji.

Na karanta abin da na rubuta yanzu. Bari dai.

Laraba, 13 ga Afrilu

Sun isa lafiya. Balu ya aiko wa Rékia saƙo, wai duk Lahadi zai riƙa kara wa Armu waya a kunne in akwai mai son gaishe shi.

Na kira Kandiya, don in ji ko ya buɗe shago. Cikin hira na ce, in mutum ya taka wani a metro, me ake cewa da Tamil a nemi gafara? Gajera nake so.

Ya ce, wa ka taka a Lyon, Shef?

Na ce tambaya ce kawai.

Ya ce in baƙo ne akwai doguwa ta girmamawa. In na gida ne, wanda kuka ci a kwano ɗaya, mannicidu.

Na sa ya faɗa sau uku, na rubuta yadda na ji. Ya ce in na faɗe ta haka, Armu zai ɗauka ina tallan kifi. Na kashe wayar.

Ban ce zan faɗa ba. Rékia ta shigo ta same ni ina motsa baki, na ce tasbihi nake. A tsakiyar kalmar harshena ke tuntuɓe, wurin gaɓar ci ɗin nan. Akwai kwana huɗu kafin Lahadi.