Hannu Biyu a Bayan Mota

Gusau

Zuwa ga Yaya Bara'atu,

Assalamu alaikum. Ina gaida ki, ina gaida Inna, da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Na je Tungar Marke da aka buɗe hanya. Gidanmu babu rufi, ciyawa ta cinye tsakar gida. Amma rumbun Inna yana nan. Wutar da 'yan bindiga suka sa ta gasa shi ya yi ja kamar tukunya, har shaidar hannun da Inna da ƙawarta Safiya ta rugar Fulani suka danna a laka ranar da aka gina shi ta ƙara fitowa.

Alhaji Haliru ya kawo babbar motarsa in zana masa zaki a baya. Na roƙe shi, na zana rumbun nan. Ki gaya wa Inna a hankali.

Ƙaninki,
Mahadi

Bungudu

Mahadi,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai kai ne ban sani ba ko kana lafiya.

Mutane suna zana dawisu da furanni, kai ka ɗauki ƙonannen rumbu ka manna wa motar hatsi? Wa zai yi lodi a cikinta? Ranar kasuwa motar ta tsaya a nan, yara suka kira mu. Na so in hana Inna zuwa, ta ɗauki sandarta ta wuce ni.

Ta daɗe tsaye. Sai ta ce, "Wanga nawa na. Wanga mai karkataccen ɗan yatsa na Safiya na." Ta dawo gida ba ta yi kuka ba, amma tuwo ya kwana. Ka san tun ranar da muka watse ba ta san ko Safiya na raye ba, kuma tsoro ya hana ta tambaya. Ka taso mata da abin da ya kwanta. Na ji haushinka, ka sani.

Zanen dai ya yi kyau, ban ce bai yi ba.

Yayarka,
Bara'atu

Gusau

Yaya,

Na gaishe ki, kuma na sha faɗan. Alhaji ma ya ce in shafe in mayar masa da zakinsa. Na haɗa fenti ke nan direbansa Kamilu ya shigo yana dariya. Wai a kasuwar Tsafe wata tsohuwa mai tallan nono ta ajiye ƙwaryarta, ta ɗora hannu a kan zanen, ta ce motar ba za ta tashi ba sai an faɗa mata wanda ya yi shi. Ga takardar da ɗanta ya rubuta. Ki karanta wa Inna tana zaune.

Alhaji ya ce a bar rumbun.

Mahadi

Tsafe

Zuwa ga ƙawata Hanatu,

Sallama da gaisuwa. Isah ke rubutawa, ni ke faɗi.

Ina raye. Shanu sun tafi, mu muna nan wajen 'Yankuzo. An ce mani kin rasu, na yi miki addu'a har na gaji. Ashe kina Bungudu kina cin tuwo ba ni.

Ki ce wa yaronki ɗan yatsana bai karkace haka ba, ya ƙara.

Ranar Juma'a zan biyo motar. Ki dama fura, nono na wajena.

Taki,
Safiya