Wa Ya Kai Ƙarar Jallul?

Timimun, 3 ga Maris

Yaya Mas'uda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara kuna lafiya. Ni kam ba lafiya ba. Ranar Talata jami'an ƙwadago suka shigo gonata, suka sauko da Drissa daga kan dabino, ɗan Malin nan da ya shekara shida yana min aiki. Ba shi da takardar izinin aiki. Sun tsare shi za su kai shi iyaka, ni kuma an ci ni tara, ga kotu tana jirana. Yanzu ne ake ɗaura wa dabino fure don ya yi 'ya'ya, ba ni da mai hawa.

Kowa a layinmu yana da baƙon ma'aikaci marar takarda, amma gonata suka nufo. Kwana huɗu kafin nan mijinki Si Tayeb ya kawo ziyara, ya sha shayina yana tambaya, "Wannan yana da takarda kuwa?" Ban ce shi ba ne, Yaya. Tunani kawai nake.

Ƙaninki,
Jallul

Oran, 11 ga Maris

Jallul,

Muna lafiya, Allah ya kawo sauƙi. Amma ba ka da kunya. Tayeb ko akuya ya gani sai ya tambayi wace ce uwarta, kai ma ka sani. Ya karanta wasiƙarka, tun jiya yake fushi.

Tunda tunani kake, ga ƙari. Ina fasfon Drissa? Da idona na gan shi a akwatin Baba, ka kulle. Bara a gabana ya roƙe ka zai je ganin mahaifiyarsa, ka ce sai an gama girbi. Ka daina leƙen gidajen mutane, ka je ka tambaye shi.

Ka gaida matarka Yamina.
Yayarka,
Mas'uda

Timimun, 19 ga Maris

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na je inda ake tsare da shi. Na ce, "Drissa, wa ya yi mana wannan?"

Ya ce, "Maigida, kai ka koya min in ɗaga murya kafin in hau dabino, don matan maƙwabta su shige ɗaki. Daga sama na hango motar jami'an za ta wuce. Sai na yi ta kira har suka tsaya."

Na ce ai babu mata a wannan gefen. Ya ce ya sani. Wai mahaifiyarsa ta kwanta rashin lafiya tun kaka, kuma motar jami'ai ce kaɗai za ta kai shi gida ba tare da izinina ba.

Ban iya kallonsa ba, Yaya. Washegari na kai masa fasfon. Ya karɓa, bai taɓa abincin da Yamina ta aiko ba. Ki roƙa min Si Tayeb gafara.

Jallul

Oran, 26 ga Maris

Jallul,

Tayeb ya yafe, ya ce zai raka ka kotu. Ni ce ban gama da kai ba. Ka nemo min labarin mahaifiyar Drissa, ko ya same ta da rai. Kafin nan kada ka rubuto.

Wassalam,
Mas'uda