Ihun da Na Yi Ranar Sadakar Ukunka

Zuwa ga Kawu Iliya Direba, na Yakasai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwar ɗa ga kawunsa, cikin ladabi da kewa, tare da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ne Nasiru, ɗan ƙanwarka Asabe, malamin makarantar da kake tsokana da cewa ya iya musu bai iya kama sitiyari ba.

Na san mutanen unguwa ne za su karanta wannan, kuma yawancinsu suna wurin da abin ya faru, sauran sun ji a bakin yara. Kai kaɗai ne labarin bai iso wa ba. An gama gasar tseren motoci ta duniya, Kawu, wadda muka bi tare tun farkon shekara, ka tafi ana saura zagaye ɗaya. Zan gaya maka yadda ta ƙare, amma ba zan iya ba sai na haɗa da abin da na yi.

Bari in ɗan yi wa masu karatu bayani, tunda ba kowa ya zauna a ƙofar zaurenka ba. Kai ka koya mini cewa rali ba irin tseren nan ba ne da ake zagaya fili ɗaya. Hanyar daji ce, yau laka, gobe duwatsu, jibi ƙanƙara. Ana sakin motoci ɗaya bayan ɗaya, kowa da agogo yake tsere, a gefensa kuma ga mai karanta masa hanya, yana faɗa masa kwanar da ke gaba kafin ya gan ta. Kai ka sa masa suna karen mota mai boko. Shekarun da ka yi kana jan fijo tsakanin Kano da Maiduguri sun sa kana kallon abin da wani ido daban. Mu muna ganin gudu, kai kana ganin inda mutum ya taɓa birki.

Duk unguwa ƙwallo ake kallo. Mu uku ne kawai muke durƙusa wa waya ɗaya bayan la'asar: kai, da amininka Alhaji Tanko mai kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa, sai ni. Samarin layi suka sa mana suna majalisar birki. Ka ji daɗin sunan har kana amsawa.

Bana kuwa gasar ta yi zafi irin wanda ka ce ba ka taɓa gani ba. Direbobi biyu ne suka riƙe wa juna wuya. Sunayensu na Turawa sun yi maka nauyi a baki, sai ka raɗa musu naka. Akwai Dattijo, mai furfura a gefen kai, wanda ba ya gaggawa kuma ba ya kuskure. Akwai Ɗan Zafi, wanda ke shiga kwana kamar yana da rai na ajiya a gida. Kai da Alhaji Tanko kuna bayan Dattijo. Ni kaɗai nake bayan Ɗan Zafi.

A zagayen ƙanƙara Ɗan Zafi ya wuce kowa, na yi sati ina shigowa zaure da tafiyar ƙasaita. Da aka je zagayen laka, motoci suka riƙa kafewa suna karyewa, Dattijo ya lallaɓa ya wuce su ɗaya bayan ɗaya kamar mai kai amarya. Ranar ka buga gwiwarka mai ciwo don murna, ka manta ita ce, sai da muka riƙe ka. Haka aka yi ta yi. Wannan ya hau, wancan ya sauke shi, ba wanda ya taɓa yin nisan da za a ce shi ke nan.

Ina tuna musunmu. Kakan ce, "Nasiru, direba shi ne wanda ya kai mota gida da ƙafafunta huɗu." Ni kuma in ce tsere ake yi, Kawu, ba lodin fasinja ba. Kakan yi dariya har tari ya sarƙe ka, Inna Rabi matarka ta aiko da ruwa daga cikin gida tare da saƙon a rage murya.

Tarin nan ne bai tafi ba. Bayan zagaye na kusa da ƙarshe, Dattijo yana gaba da ɗan makin da bai taka kara ya karya ba, aka kwantar da kai a asibiti. Da na zo duba ka, ba ka tambaye ni makaranta ba, ba ka tambayi mahaifiyata ba. Ka jawo hannuna ka ce, "Ka shirya kuka, ɗan nan." Ban san wane kukan za a yi ba. Ranar Juma'a da safe ka cika, bayan an sauko daga masallaci muka kai ka.

A wannan Juma'ar aka fara zagayen ƙarshe. Wallahi ban duba ba. Asabar ma ban duba ba, wayar tana aljihu a kashe. Ina so ka san wannan, ko da ba zai rage komai ba.

Lahadi, ranar sadakar uku, aka shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar zaure har bakin lungu. Tsofaffin direbobin tasha sun zo, abokan kasuwar Alhaji Tanko sun zo, ga dangi daga ƙauye. Ina zaune kusa da Alhaji Tanko, sai ya karkato kamar zai yi mini gaisuwa, ya ce a hankali yau fa ake rufe gasar, kuma Dattijonsu ne a gaba. Ya faɗa ya koma ya ja carbinsa. Ni kuwa maganar ta shige ni ta ƙi fita. Na ce wa raina zan leƙa sau ɗaya in kashe. Na kunna wayar, na rufe murya, na ɗora ta a cinya, na ja hannun babbar riga na lulluɓe.

Ɗan Zafi ya riga ya gama nasa gudun, ya yi iya yinsa. Saura Dattijo. Abin da ya rage masa kawai ya kai ƙarshe ba tare da matsala ba, kambun ya zama nasa. Ana sakin motarsa liman ya iso da dattawan masallaci. Aka gyara zama, liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Ni ma na ɗaga, amma kaina yana sunkuye, idona yana cikin riga. Wani tsohon direba da ke bayana ya ga na daɗe ban ɗago ba, ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, kowa ya san yadda muke da kai. Ya ɗauka kuka nake. Duk cikin abin da ya faru, wannan dafawar ce ta fi hana ni sakewa.

Liman yana tsakiyar roƙa maka sauƙin tambayar kabari, Dattijo ya shiga wata kwana mai gangara. Ya matse ciki kaɗan fiye da yadda ya saba. Akwai dutse a gefen. Na ga motar ta yi tsalle, na ga baƙar robar taya tana tarwatsewa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ji dai murya tana cewa, "Ta fashe! Wallahi ta fashe! Mun ci!" kuma muryar tawa ce. Wayar ta faɗo kan tabarma a gaban kowa, mota tana ta jan ƙafa a cikinta.

Liman ya tsaya. Hannuwa suna sama, ba wanda ya shafa. Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila an ce ruɗewar rashi ce. Sai Alhaji Tanko, mutum mai jikoki, ya wawuri wayar ya ce ƙarya ne, a ba shi ya gani. Ya gani, ya ce sa'a ce kawai, wannan ba cin gasa ba ne. Ni kuma, Allah Ya yafe mini, na amsa masa. Na ce dutsen ai ba yau aka dasa shi ba, kowa ta nan ya bi. Sai da muka yi musayar magana a tsaye kafin shirun mutane ya iso kunnenmu.

Liman bai yi faɗa ba. Ya dube mu ya ce, "Idan kun gama, mu ƙarasa wa mamacin." Na zauna. Ban san yadda aka shafa fatiha ba. Tsohon da ya dafa ni ya ja tabarmarsa baya kaɗan.

Kawu, naka direban ne ya faɗi, a ƙofar gidanka, ana yi maka addu'a, ni kuma na yi shewa.

Kafin azahar labari ya shiga cikin gida. Mahaifiyata ta fito soro da mayafinta, ta kira ni. Na yi zaton za ta zage ni, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "A gidan yayana, Nasiru?" Ta juya. Har yau idan na gaishe ta, "lafiya" take cewa ta ci gaba da abin da take yi. Yaran layi kuma sun samu abin yi. Ina wucewa sai in ji daga bayan katanga an ce "Ta fashe!" a ruga. Ya kai har makarantarmu. Ranar nan na juya ina rubutu a allo, wani ya faɗa daga bayan aji, kuma ban iya juyowa na hukunta kowa ba.

Ga yadda ta ƙare, tunda haƙƙinka ne ka sani. Dattijo ya tsaya a gefen hanya, shi da karen motarsa suka fito suka canza tayar da hannunsu. Daga baya na sake kallon wurin ni kaɗai. Ya durƙusa a ƙasa da furfurarsa, bai yi jifa da komai ba, bai ɗaga kai ya kalli agogo ba, yana kwance noti ɗaya bayan ɗaya. Ya koma ya ƙarasa tseren. Lokacin da ya ɓata ya isa ya sa Ɗan Zafi ya ɗauki kambun da tazarar da ba ta kai a faɗa ba. Da ya fito daga mota, shi ya fara zuwa ya rungumi yaron.

Tun ranar masu bin gasar a ko'ina suke ta musu, kuma ba na jin za a gama. Wasu sun ce wanda ya fi kowa natsuwa duk shekara dutse ɗaya ya yi wa fashi. Wasu sun ce gasar shekara ba a kwana ɗaya ake cin ta ba, Ɗan Zafi ya ci zagaye masu wuya da ƙarfinsa, kuma matsin da ya yi ne ya sa dattijon ya matse kwanar da bai saba matsewa ba. Alhaji Tanko yana ɓangaren farko. Mun haɗu a masallaci, kowa ya sunkuyar da kai, amma da muka fito wajen takalma sai da ya ce mini a hankali, "Sa'a ce dai." Ba zan yi maka ƙarya ba don ka rasu: har yanzu ina ganin nawa ya cancanta. Na so in ce na canza ra'ayi, ko don in biya ka wani abu, amma da ka gane, ka kuma raina ni.

Wanda na fi tsoron haɗuwa da shi Inna Rabi ce. Na daina bi ta ƙofar gidan, ina zagayawa ta bayan masallaci. Shekaranjiya ta aiko a kira ni. Na shiga na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, tana ciki kan darduma cikin takabarta. Na fara ba da haƙuri, ta katse ni, ta ce in fara gaya mata wa ya ci, don duk wanda ta tambaya sai ya ce mata ta bar zancen. Ashe shekara guda tana jin musunmu ta tagar da ke kallon zaure, ta san Dattijo, ta san Ɗan Zafi. Na ba ta labarin dutsen da tayar. Ta ce, "Allah sarki. Da yana nan da bai ci tuwo ba ranar."

Na ɗan ji sanyi, har na fara ɗago kai. Sai ta ce, "Kawunka na san shi, da dariya zai yi ya ce ɗansa ne. Amma ni ba shi ba ce, Nasiru. Ina zaune a nan, kwana uku da ɗauke mijina, na ji ana shewa a ƙofar gidana. Na ɗauka wani ne yake murna ya mutu."

Ban taɓa tunanin abin ta nan ba. Duk kwanakin nan kunyar liman nake ji, da ta dattawa, da ta yaran layi. Ban tuna akwai wadda ke bayan bango ba, wadda ba ta ga waya ba, ihun kawai ta ji. Kukan da ban yi a kan tabarma ba, a bakin ƙofarta na yi shi. Ta bar ni sai da na gama. Ta ce ta yafe, ta ce kuma in daina zagaye, in riƙa shigowa ina gaishe ta, gidan ya yi shiru da yawa bayan la'asar.

Jiya na je. Na tarar ta sa an share zauren.

Ya Allah Ka gafarta wa Kawu Iliya, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya shi cikin bayinKa na gari. Ka karɓi addu'ar da aka yi masa ranar nan cikakkiya, kada Ka rage masa komai saboda wautata. Ka ba Inna Rabi haƙuri, Ka sanyaya zuciyar mahaifiyata a kaina. Mu kuma idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.

Ka yafe mini, Kawu.

Ɗanka,
Nasiru.