Babur Mai Birkin Hannu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon gwiwar nan taki? Mu nan lafiya lau, sai kewa. Auta ta koma makaranta, tana gaishe ki.

Kin tambaye ni ko ina cin abinci. Ina ci, Yaya, kada ki damu. Abin da ya hana ni sukuni yanzu babur ɗin Malam ne, Allah ya ji ƙansa.

Mai gidan da muke haya ya zo. Ko gaisuwar rashi bai gama yi mini ba, ya ce rumfar ƙofar gida zai toshe ya mai da ita shago, in san inda zan kai babur kafin watan gobe ya ƙare. Rumfar da Malam ya zuba wa siminti da hannunsa, yana zaune a ƙasa yana jan jiki! Ba ni da inda zan kai babur ɗin, kuma ban iya tuƙi ba. Dole in sayar.

Sau ɗaya kika taɓa ganinsa, bari in tuna miki. Mai ƙafa uku ne, irin na ɗaukar fasinja. Amma kin san tun hatsarin da aka yanke wa Malam ƙafar dama, ɗayar ma ba ta lanƙwasuwa. To shi da mai waldar bakin titi suka zauna a kansa. Suka cire birkin ƙafa, suka mai da shi dogon ƙarfe a gefen hagu, da hannu ake ja. Suka sa kujera mai juyawa, yadda zai zauna daga gefe sannan ya juyo ya fuskanci gaba. Akwai bututu na ajiye sandunansa. Bencin fasinja kuma suka cire shi ɗungum, suka jera durowa na kayan gyaran keken ɗinki, kowace da abin da ke cikinta, allura daban, belt daban, man keke daban. A tsakanin durowar ya bar ɗan wurin zama guda, nawa. Yakan ce an auna shi da ni ne, in na ƙara ƙiba ba ruwansa.

Da wannan babur ya ciyar da mu, Yaya. Babu telan da bai san ƙarar hon ɗinsa ba.

Ƙanin Malam ya ɗauki hotonsa ya kai wa masu haya a tasharsu, ya kuma sa dillali. Ni sharaɗina ɗaya ne: wanda zai saya ya hau shi yadda yake. Ba zan yarda a sa masa wuta a yanka ba. Ki taya ni addu'a.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Ƙarama

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Na ga saƙonki, na gode da zanin, Auta ta riga ta ƙwace shi. Ina fatan ƙafa ta yi sauƙi.

Yaya, ban san mutane ba su da kunya ba sai da na sa abu a kasuwa.

Masu saye suna zuwa, ba sa saye, sai kallo da dariya. Wani ya leƙa baya ya ce ina fasinja za su zauna, a cikin durowa? Wani ya yi ta juyi a kan kujerar Malam kamar yaro, yana ce wa abokinsa ai wannan ta aski ce. Wani dattijo kuwa, da furfurarsa da komai, ya tambaye ni a gaban Auta ko a kan babur ɗin mai shi ya mutu. Na ce masa a kan gadonsa ya cika, kaina a kusa da nasa, kuma ƙofar da ya shigo tana nan a buɗe.

Amma wanda ya fi ƙona mini rai wani saurayi ne da dillali ya kawo. Ya ce zai gwada. Na ce masa babu birki a ƙasa, ga shi nan a hannun hagu. Na sake faɗa. Na kama ƙarfen na nuna masa. Ya ce, "Haba Mama, ni da babur tare muka yi rarrafe." Ya murɗa totur ya fita kamar an koro shi. Da ya kai kwanar mai lemo, ina hango shi yana ta dukan ƙasan babur da ƙafa yana neman abin da babu. Sai cikin teburin. Lemo ya watse har cikin kwata, fitilar gaba ta fashe. Allah ya tsare, ba wanda ya ji rauni.

Kin san abin da ya ce da ya sauko? Wai wannan ba babur ba ne, tarko ne, kuma ya kamata a kama wanda ya ƙera shi. Shekara da shekaru Malam yana hawansa, ko kaza bai taɓa takawa ba. Mai ƙafa biyu lafiyayyu ya hau sau ɗaya ya fasa masa ido, kuma wai Malam ne mai laifi! Na faɗa masa maganganu, Yaya, har maƙwabta suka fito suna ba ni haƙuri. Mai lemo ne ma ya ba ni kunya. Ya tsince kayansa ya ce in bar shi, Malam ya sha gyara wa matarsa keke kyauta.

Tun daga nan labari ya bazu a tasha cewa babur ɗin ba ya da birki. Dillali ya daina ɗaukar wayata. Wanda kawai yake zuwa yanzu shi ne ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa. Yakan tsaya ya ƙwanƙwasa jikin da ɗan ƙarfe yana saurare, kamar mai zaɓen kankana. Shi nauyi yake gani. Na ce masa in ya sake taɓa shi da wannan ƙarfen, da shi zan raka shi.

Ƙanin Malam ya ce taurin kaina ne ya jawo. Ya ce a cire ƙarafan yayansa, haka yake kiransu, a mai da birki ƙasa, a sa benci, cikin kwana kaɗan an saye. Na ce a'a. Ya ce to in zaɓa, ko mai walda ya cire kaɗan, ko ɗan gwangwan ya farfasa duka. Kin ji yadda yake magana a kan kayan ɗan uwansa.

Mai gida ya sauke bulo a gefen rumfa. Kullum da safe sai na kewaye su in fita.

Ki gaida maigidanki, ki ce na gode da kiran da ya yi.

Ƙanwarki,
Ƙarama

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Wannan ba za ta yi tsawo ba.

Na yarda, Yaya. An cire.

Na karanta abin da kika ce, cewa ƙarfe ba Malam ba ne. Na sani. Amma ke ba ki ga yadda wurin riƙon birkin ya yi santsi da tafin hannunsa ba. Magina ne suka zo suka fara ɗaure igiya a kewayen rumfa, babur yana ciki, ɗan gwangwan yana tsaye a tsallake yana jira. Sai na ga in na ƙara jinkiri guduma za ta ci shi gaba ɗaya. Gara ya rayu ko da ba a kamanninsa ba.

Muka tura shi zuwa wurin mai walda, ni da ƙanin Malam. Da farko mai walda ya ƙi. Ya ce shi bai saba kwance aikin da ya yi kyau ba, a kai wa wani. Ƙanin Malam ya ce ai ba kyauta za a yi ba. Mai walda bai ko dube shi ba, ni ya duba, ya ce, "Uwar gida, ke kika ce?" Na ɗaga kai.

Na tsaya har aka gama, ko da suka ce in tafi gida. Ya sa baƙin gilashinsa ya kunna wuta. Birkin ya fara cirewa, sai kujera, sai bututun sanduna. Da aka zo kan durowa na ce a dakata in kwashe. A ta ƙasa na sami alewar da yake ɓoye wa Auta, ta narke ta manne da allurai. Wurin zamana shi ne na ƙarshe. Ƙanin Malam yana gefe yana waya yana dariya, wai ya samo benci mai araha.

Yanzu ga shi nan kamar na kowa. Na wuce ta gefensa ban gane shi ba.

Kada ki ce mini na yi daidai. Ko da na yi daidai ba na son ji.

Ƙanwarki,
Ƙarama

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan ke da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Ki yafe mini shirun da na yi da zafin wasiƙar baya. Ki zauna sosai kafin ki karanta wannan.

Bayan an gyara shi, kin zaci masu haya sun yi rububi? Ko kaɗan. Suka zo suka shafa tabon walda suka ce an taɓa jikinsa da yawa, ba zai yi ƙarko ba. Da yana da ƙarafa sun ce ƙarafa, da aka cire sun ce tabo. Na ce wa ƙanin Malam ina kwana kaɗan ɗin da ya yi mini alkawari? Ya ce kasuwa ce ta lalace.

Babur ya zauna a bayan shagon mai walda, don rumfa ta riga ta zama bango. Kujerar Malam da birkin kuma mai walda ya jingine su a bakin ƙofarsa, ya ce hannunsa ya ƙi kai su gwangwan.

Ranar nan ina wanki sai ga aike daga mai walda wai in zo. Na tarar da wani mutum a kan keken guragu irin wanda ake juyawa da hannu. Mai gyaran agogo ne, cutar shan inna ta kama shi tun yana yaro. Wucewa yake yi ya hango kujerar a jingine, ya tsaya cak. Ya ce shekara nawa yana tara abin da zai sayi irin wannan, kafaɗunsa sun gaji da tuƙa kansa zuwa kasuwa, amma bai san wa zai haɗa masa ba. Na ce masa ai da ya zo da wuri da ya same shi a haɗe, mun yi ta talla. Ya ce a ina? Na ce a tashar masu haya. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Uwar gida, takalmin mai ƙafa ɗaya kika kai wa 'yan tsere. Mu ai a bakin asibitin ƙashi muke haɗuwa, da kin aiko yaro ko da baki ne, da mun cika miki ƙofa."

Yaya, ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Asibitin da na yi ta kai Malam awon ƙafa! Na san bencin da suke zama, na san mai shayin wurin. Ko sau ɗaya bai faɗo mini ba, bai faɗo wa ƙanin Malam ba, bai faɗo wa dillalin banza ba. Duk muna tafiya da ƙafafunmu muna neman masu ƙafa.

Nan take na juya kan mai walda, bawan Allah da ba shi da laifi, na ce ya mayar da komai yanzu-yanzu, yadda yake, noti ɗaya kada ya canza. Ina faɗa ina kuka, mutane sun taru. Mai agogo ya bari har na yi shiru. Sannan ya ce a aza kujerar Malam a kan babur ɗin, a ɗora shi a kai. Aka ɗora shi, aka riƙa masa birkin a inda yake dā. Ya ɗago hannun hagunsa ya nuna mini. Siriri ne, yatsun a naɗe, ko cokali ba zai riƙe ba.

Ya ce, "Ki yi haƙuri. Ko da a haɗe na same shi, sai an yanka. Nawa birkin a dama zai zauna. Kujerar ma ta yi mini tsayi, maigidanki dogo ne, ko?"

Na ce dogo ne.

Ya saya, Yaya, kuma bai wulaƙanta ni a ciniki ba. Na tsaya ina kallo mai walda yana auna shi da alli, yana tambaya nan ya yi, shi kuma yana cewa a sauko da shi kaɗan. Inda wurin zamana yake, akwatin agogo za a sa. Ya tambaye ni ko akwai abin da nake so in ɗauka. Na duba na duba, na ce babu.

Na dawo gida a ƙasa. Duk hanya ina neman wanda zan yi fushi da shi. Na yi da mai gida, na yi da saurayin nan, na yi da ƙanin Malam, na yi da kaina. Wata biyu ina faɗa da unguwa guda don a sami wanda zai hau shi yadda yake, ashe mutum ɗaya ne a duniya zai iya, kuma shi na rasa. Da na iso ƙofa sai na ga da Malam nake fushi. Ya auna komai daidai jikinsa, ya tafi ya bar ni da shi.

In gwiwarki za ta iya mota, ki zo ki yi mini kwana biyu. Ba sai kin kawo komai ba.

Ki gaida yara. Allah ya ji ƙan Malam, ya sa ya huta.

Ƙanwarki,
Ƙarama